Me ya hana Dakta komawa ya ɗauko Amy da Rory?

Abban Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Daren jiya na sake kallon "The Angels Take Manhattan", fitowa ta 5 a zango na 7 na Doctor Who, shirin talabijin ɗin nan na Dakta mai yawo cikin zamani tare da abokan tafiyarsa Amy da mijinta Rory, wadda BBC ta haska ranar 29 ga Satumba, 2012. Kallona na uku ke nan, kuma abin da ya tsaya mini a wuya tun karon farko har yau bai wuce ba. Wanda bai kalla ba ya yi haƙuri ya tsallake, don zan fasa ƙwai.

A ƙarshen shirin, a maƙabarta, guda ɗaya da ya tsira daga cikin mugayen gumakan nan masu rai ya taɓa Rory ya jefa shi baya cikin tarihi. Amy ta zaɓi ta bi mijinta, ta juya wa gunkin baya, ita ma ta ɓace. Sai Dakta ya durƙushe yana kuka wai shi da su har abada. Dalilinsa: lokaci ya dagule a birnin Niyok na 1938, Tardis, injin tafiyarsa, ba za ta iya sauka can ba, in aka matsa garin zai tarwatse.

To ni tambayata mai sauƙi ce. Mutumin da ke da injin da ke zuwa kowane wuri a kowane zamani, me ya hana shi sauka a Boston a 1940, ya hau jirgin ƙasa ya shiga Niyok? Ko kuwa su Amy su fito su same shi a wani gari? An ɗaure musu ƙafa ne?

Ɗan Auta:
Wa alaikumus salam. Yaya, ka bar babbar magana ka kama ƙarama. Mutum-mutumin 'Yanci (Statue of Liberty) fa ya sauko daga kan dandamalinsa, ya tsallako ruwa, ya zo ya leƙo saman bene yana wage haƙora, kai kuma kana lissafin jirgin ƙasa. Hhhh.

Abban Hanifa:
Za mu zo kansa, Auta. Amma ni a wurina wancan wasa ne, wannan ce cutar.

Anti Rabi:
Ni dai na yi kuka a wannan fitowar kuma ba na jin kunyar faɗa. Ku masu farautar kuskure, anya kuna jin daɗin kallo kuwa?

Malam Sadi:
Salamu alaikum. Kafin a yi nisa, saboda sababbin shiga, bari a tuna dokokin da aka kafa wa waɗannan halittu, don da dokar ake gane an karya ko ba a karya ba. Ni gumaka zan riƙa ce musu, sunan da Turawa suka ba su, Weeping Angels, bai kwanta mini ba.

Steven Moffat ne ya ƙirƙiro su a fitowar "Blink" ta 2007, zamanin da David Tennant yake fitowa a Dakta. Abu uku aka gaya mana. Muddin wani mai rai yana kallonsu, dutse ne, ba sa motsi. Da ka ƙifta ido sun iso ka. Na biyu, ba sa kisa da hannu, jefa mutum baya suke yi ya ƙarasa rayuwarsa a wani zamani, su kuma su ci kwanakin da ya kamata ya yi a nasa zamanin. Na uku, ba sa iya kallon junansu, shi ya sa suke rufe fuska da hannu kamar masu kuka. Da wannan ta ukun ma aka ci su a ƙarshen "Blink": guda huɗu suka kewaye Tardis, ta ɓace daga tsakiyarsu, suka tsinci kansu suna kallon juna, suka daskare.

Wannan tsari ya yi kyau domin ko yaro ya gane shi. Duk rigimar da ta biyo baya, daga ƙare-ƙaren da aka yi wa tsarin ta taso.

Injiniya Bash:
Malam ya share mini hanya. Bari in ɗauki batun Auta da gaske, don ni shi ya fi ci mini rai.

Mutum-mutumin 'Yanci ba dutse ba ne. Fallayen jan ƙarfe ne masu kaurin kamar milimita 2.4, aka lulluɓa su a kan ƙwarangwal ɗin ƙarfe da kamfanin Gustave Eiffel ya tsara. Bartholdi ya zana shi, a Faransa aka ƙera shi, aka kwance shi gunduwa-gunduwa aka zuba a akwatuna aka kawo Amurka, aka ƙaddamar da shi a 1886. Cikinsa fayau yake, akwai matakala 354 da mutane ke hawa har cikin kambin kansa. To a wane mataki ya zama halitta mai rai? Tun yana cikin akwatuna?

Mu bar wannan. Tsayinsa mita 46 ne ban da dandamali, nauyinsa ya haura tan 200. Yana kan tsibiri, tsakaninsa da bakin Manhatan fiye da kilomita 2 na ruwa. Birnin a shekarun 1930 yana da mutum wajen miliyan 7, ga jiragen ruwa suna kai-komo a tashar dare da rana. Kuma doka ta ce ido ɗaya tak ya isa ya daskarar da shi. A shirin har ƙarar takunsa muke ji, dum, dum, gini yana girgiza. Wato duk garin babu wanda ya leƙa taga ya ga me ke faruwa?

Ɗan Auta:
Kuma in wani ya leƙo yana tsakiyar titi fa? Sai gari ya waye a gan shi tsaye ya tare hanya, 'yan sanda suna ba motoci hannu.

Zulai:
Ƙara da wannan, Injiniya. A "The Time of Angels" ta 2010 an kawo sabuwar doka, cewa duk abin da ya ɗauki hoton gunkin shi ma zai zama gunki. Ba ku tuna ba? River, wadda daga baya aka gane 'yar Amy da Rory ce, ta nuna musu bidiyo na daƙiƙa 4, aka bar Amy ita kaɗai da allon, abin ya fara fitowa daga ciki. To a duniya akwai mutum-mutumin da aka fi ɗauka a hoto kamar wannan? Katunan gaisuwa, kan sarki, jaridu, finafinai. Da dokar tana aiki da tuni duniya ta ƙare.

Malam Sadi:
Zulai kin taɓo inda yake yi mini ƙaiƙayi. Fitowa biyun nan na 2010 su suka fara tufka da warwara. A nan ne gumakan suka koma karya wuyan mutane. A nan ne muka ga ɗaruruwansu a wuri guda, fuska buɗe, babu mai tsoron haɗa ido da ɗan'uwansa. A "Flesh and Stone" har aka nuna mana su suna juya kai a gaban kyamara, alhali daɗin "Blink" shi ne ko mu masu kallo idonmu yana daskarar da su. Ba mu taɓa ganin motsinsu ba, sai dai a yanke hoto a dawo mu ga sun matso.

Kabiru Edita:
Ina biye da ku tun ɗazu. Ni sana'ata yanka da haɗa hoto ce, don haka ina so mu raba abu biyu da ake cakuɗawa.

Akwai kuskuren ci gaban shiri, wanda ake ɗora wa mai kula da kontiniti. Kofi a hannun dama a hoto na farko, a na biyu ya koma hagu. Rigar da aka ɓalle ta dawo a maƙale. Wannan yana faruwa ne saboda fage guda ana iya ɗaukarsa sau goma ta kusurwa daban-daban, wani lokaci ma a ranaku daban-daban. Wannan shirin a Wales ake yin mafi yawansa, a Kadif, sun dai je Niyok sun ɗauki fagagen waje irin na Central Park. Duk wanda ya haɗa hotunan nahiya biyu ya mayar da su unguwa ɗaya, dole wani abu ya zame masa. Irin wannan ni ba na riƙe shi a zuciya.

Sai kuma ɓarakar labari, wadda tun a takarda aka haife ta. Ita edita ba shi da allurar ɗinke ta.

Amma a fitowar nan akwai wurare biyu da suka faɗa tsakani, kuma su suka fi ba ni haushi, domin tsayuwar 'yan wasa ce ta karya dokar labari. Na farko a saman benen Winter Quay, gidan da gumakan suke tsare mutane. Rory ya hau kan katanga zai yi tsalle, mutum-mutumin yana bayansu, an ce Amy ta tsare shi da ido. Can sai ta hau katangar ita ma, suka zuba wa juna ido suna maganar soyayya. Wa ke kallon gunkin a lokacin? Babu. Ya tsaya yana jira su gama. Na biyu a maƙabarta. Amy ta juyo tana yi wa Dakta ban kwana, gunkin yana bayanta. Dakta yana fuskantarta, wato yana fuskantar gunkin, River ma tana wurin. Ido huɗu a buɗe ta wannan ɓangaren, amma ya miƙa hannu ya taɓa ta.

Anti Rabi:
Haba Kabiru. Mutum yana kuka, idonsa cike da hawaye, ba zai ƙifta ba? Kuma Amy yake kallo, ba abin da ke bayanta ba.

Kabiru Edita:
Anti, na karɓi ta Dakta. River fa?

Anti Rabi:
River ita ce ta ce wa uwarta ta je. Kun manta? Dakta yana roƙon Amy ta dawo cikin Tardis, River ta ce masa ya yi shiru, ta goyi bayan uwarta, har ta sumbaci hannunta. In ma da gangan ta kau da ido, ai ya dace da halinta.

Kabiru Edita:
To wannan kam kin ɗaure ni. Da an saka hoto na rabin daƙiƙa yana nuna River ta runtse ido, da fagen ya fi haka ƙarfi ma. Amma ba a saka ba, ke kika yi musu aikin.

Abban Hanifa:
Madalla. Yanzu ku dawo mini kan tawa, don na ga ana neman a binne ta.

Dalilin da ya sa na ce mutum-mutumin wasa ne: cire shi daga shirin gaba ɗaya, babu abin da zai canza. Gumakan cikin gidan sun isa su kora su Rory saman bene. An saka shi ne don a burge, ya burge wasu, ya ba wasu dariya, shi ke nan. Amma maganar "ba zan sake ganinku ba" ita ce ginshiƙin da aka ɗora duk fitowar a kai. In ta faɗi, kukan Anti Rabi ya tashi a banza.

Ku duba lissafi. Dutsen kabarin ya ce Rory ya mutu yana da shekara 82, Amy tana da 87. Sun koma baya suna matasa, wato sun yi shekara hamsin ko fiye suna raye a can. A ce 1938 ta dagule. 1950 fa? 1975 fa? Mu da idonmu mun ga Tardis a Niyok a 1969, a "Day of the Moon", lokacin da River ta faɗo daga dogon bene Dakta ya tare ta da ita. A wannan ranar tsoho Rory da tsohuwa Amy suna cikin garin.

Sannan komawa baya ba hukuncin ɗaurin rai-da-rai ba ne a wannan shirin. Shi kansa Dakta gumakan sun taɓa jefa shi 1969 tare da abokiyar tafiyarsa Martha a "Blink", aka aika masa da Tardis ta ɗauko su.

Malam Sadi:
Abban Hanifa, bari in tsaya wa marubucin kaɗan, ko da yake ba lauyansa ba ne ni. Hujjar fitowar ba a kan wurin sauka take ba. A kan karatu take. Tun farko an kafa cewa abin da ka karanta game da gobenka ya kafu, ba ya kankaruwa. Amy ta leƙa gaba a littafin Melody Malone, wanda River ta rubuta a kan abin da ke faruwa da su, ta karanto cewa za a karya wani abu, daga nan ya zama dole wuyan hannun River ya karye kafin ta kuɓuta daga riƙon gunkin da ke gidan attajirin nan Grayle. Dakta ya hana ta ci gaba da karantawa, suka koma duba kanun babi kawai, a nan ya ga babin da ke maganar ban kwanan Amelia, wato Amy, na ƙarshe. To dutsen kabari ma rubutu ne, kuma ya karanta. Ya ga shekarun mutuwarsu. A dokar fitowar, ƙofa ta rufe.

Zulai:
Malam, da girmamawa, dutse ba gawa ba ne. Suna da shekaru kawai aka rubuta. Me zai hana a je a ɗauko su, a biya mai sassaƙa ya rubuta 82 da 87, a kafa a maƙabartar? Abin da aka karanta ya tabbata, mutane kuma suna gida lafiya.

Kuma ba ni na ƙirƙiro dabarar ba. Shekara guda kafin wannan, duk zango na 6 a kan me aka gina shi? Mutuwar Dakta a bakin tafkin Silencio a jihar Utah, ranar 22 ga Afrilu, 2011. Aka yi ta nanata mana cewa wannan kafaffen lokaci ne, babu makawa. Amy da Rory da River sun gani da idonsu, har gawar suka ƙona. Ƙarshe me ya faru? Ashe yana ɓoye cikin Teselecta, injin nan mai ɗaukar kamannin mutum. Mutumin da ya yi wa mutuwarsa da aka shaida wayo, shi ne dutse mai layi biyu zai gagara?

Ɗan Auta:
Anti Zulai ta gama magana. A tashi taro.

Malam Sadi:
Ba a tashi ba tukuna, yaro. Amma na yarda wannan ta shige ni. Abin da zan iya cewa kawai, akwai jawabin ƙarshe da Amy ta rubuta a shafin da Dakta ya yage tun farkon shiri saboda ba ya son ƙarshen labari. A ciki ta gaya masa sun rayu lafiya, sun yi farin ciki. Shi ma ya karanta wannan.

Zulai:
Sun rayu lafiya ba ya nufin bai taɓa kai musu ziyara ba. Kuma shafin nan ma wata ɓarakar ce. Ta yaya littafin ya isa hannun Amy? River ce ta ce za ta rubuta shi ta aika mata ta buga, har Dakta ya ji tana cewa za ta sa ta ƙara jawabi dominsa. Wato hanya a buɗe take tsakanin River da iyayenta. Tana da na'urar nan ta ɗaurawa a hannu, wadda da ita ta shiga 1938 tun farko lokacin da Tardis ta kasa. Ta ara masa mana. Ko ta riƙo hannunsa su tafi tare.

Injiniya Bash:
Tun da an zo kan wuyan hannun River, akwai wata. Dakta ya warkar da karayar da ƙarfin sake jikinsa, wanda da shi yake samun sabon jiki in ya zo mutuwa, hannunsa yana haske, har ta mare shi don ya yi ɓarna. Sai ga shi a "The Time of the Doctor", Disambar 2013, shi da bakinsa yana gaya wa sabuwar abokiyar tafiyarsa Clara cewa nasa ya ƙare, wannan ne jikinsa na ƙarshe. Tun 1976, a "The Deadly Assassin", aka kafa cewa sau 12 ake sake jiki. Da aka ƙirga Daktan yaƙi na John Hurt da kuma wanda Tennant ya ƙona bai canza fuska ba, sai lissafi ya nuna Daktan Matt Smith, wato na wannan fitowar, ba shi da saura. To hasken da ya zuba wa River daga ina ya samo?

Ummi Jidda:
Sannunku da hira, yanzu na shigo. Injiniya, wannan tana da amsa mai sauƙi. A "Let's Kill Hitler" ta 2011 River ta zuba masa duk sauran nata don ta tashe shi bayan ta sa masa guba. Ana iya cewa ragowar nata ne ya mayar mata. Ni har daɗi wannan fassarar take yi mini.

Injiniya Bash:
Ta yi daɗi, amma a shirin an faɗa?

Ummi Jidda:
Ba a faɗa ba. Sai dai akwai bambanci tsakanin ramin da mai kallo zai iya cikewa da ƙasar da shirin ya riga ya tara masa, da ramin da sai ya ɗebo ƙasa daga gidansu. Wannan irin na farko ne.

Abban Hanifa:
Yawwa Ummi, kin ba ni ma'aunin da nake nema. To auna mini tawa. Da wace ƙasa za a cike ta?

Anti Rabi:
Bari in gwada, tun da ni ce mai kuka.

Ku duka kuna ɗaukar maganar Dakta kamar karatun injiniya. Wannan mutumin sau nawa River ta gaya mana cewa dokar farko game da shi ita ce yana ƙarya? A fitowar nan kanta an yi ta nuna mana cewa ba ya iya jure ganin mutanensa suna tsufa. Amy ta fara sa tabarau na karatu, ya lura da layukan da suka fito mata a gefen ido, ya rasa yadda zai yi da bakinsa. River ta ɓoye masa karayar hannunta, ta ja uwarta gefe ta gargaɗe ta kada ta bari ya ga rauni ko tsufa. Yana yage shafin ƙarshe na kowane littafi. Duk wannan an shimfiɗa shi kafin a je maƙabarta.

To ni abin da na fahimta, ko da akwai jirgin ƙasa daga Boston ba zai hau ba. Ya je ya ga me? Amy da furfura? Ya zauna a gefen gadon Rory yana mutuwa? Ya riga ya ga tsoho Rory ya mutu sau ɗaya a ɗakin Winter Quay, bai iya tsayawa kallo ba. Sannan su kansu tun farkon zangon suna ta jan ƙafa tsakanin rayuwar gida da yawo da shi. Amy ta zaɓa. Ta san me ta zaɓa.

Abban Hanifa:
Anti, wallahi wannan karatun ya fi na marubucin. Da haka aka rubuta da ban buɗe wannan zancen ba. Matsalata ita ce shirin bai amince da wannan dalilin ba, sai ya jingina shi da maganar fasaha, wai garin zai tarwatse. Da Dakta ya ce "ba zan iya jurewa ba", da na yarda nan take. Da ya ce "ba zai yiwu ba", sai ya gayyato irin su Zulai da Injiniya su fito da ma'auni. Kuma in har ƙarya yake yi don ya kare zuciyarsa, to ya zama mutumin da ya bar abokansa shekara hamsin bai leƙa su ba da gangan. Wannan labari ne mai nauyi, amma kiɗan da aka saka a fagen ba shi yake bayarwa ba.

Malam Sadi:
Akwai dalilin da ke wajen labari, kowa ya san shi. Karen Gillan da Arthur Darvill za su bar shirin bayan shekara biyu da rabi. Ana son rabuwa mai zafi, ba a son a kashe su a gaban yara, don shirin na iyali ne. Gumakan sun ba da mafita: sun mutu kuma sun yi tsawon rai a lokaci guda. Saura kawai a toshe hanyar komawa, kuma shiri mai injin tafiya cikin zamani kullum a nan yake tuntuɓe. An yi wa Rose, wata abokiyar tafiyarsa ta baya, haka a 2006, aka kulle ta a wata duniyar aka ce bango ya rufe har abada, 2008 sai ga ta ta dawo. Tun 1963 ake wannan shirin, hannun marubuta da yawa ya bi ta kansa. Wanda ya ce zai daidaita komai, sai dai ya haukace.

Zulai:
Amma Malam, nan ba hannu da yawa ba ne. Mutum ɗaya ne ya rubuta "Blink", ya rubuta na 2010, ya rubuta tafkin Silencio, ya rubuta wannan. Ba gadon rikici ya yi ba, da kansa yake karo.

Ummi Jidda:
Ya dai san da ƙorafin. A fitowar Kirsimeti ta 2016, "The Return of Doctor Mysterio", an buɗe da Daktan Peter Capaldi a saman wani bene a Niyok yana haɗa na'urar gyara dagulewar lokacin da ya ce shi ya jawo. Ga kuma ɗan gajeren nan mai suna "P.S." da Chris Chibnall ya rubuta, wanda ba a ɗauka ba, sai zane aka fitar da muryar Darvill. A ciki wani dattijo, Anthony, ya ƙwanƙwasa ƙofar Brian mahaifin Rory ya miƙa masa wasiƙa, ashe ɗan da suka ɗauka riƙo ne a 1946. Jika ya girmi kakansa. Irin yadda a "Blink" jikan Kathy, wadda gumakan suka jefa baya, ya kai wa ƙawarta Sally wasiƙa.

Ɗan Auta:
Wato wasiƙa tana fita, littafi yana fita, jika yana fita, River tana shiga tana fita. Dakta kaɗai aka hana biza.

Kabiru Edita:
Hhhh Auta ka kashe ni. Bari in ƙara ɗaya kafin in tafi, kuma wannan yabo ne da suka a haɗe. Hoton ƙarshe na fitowar: ƙaramar Amelia zaune kan akwatinta a lambu da safe, ta ji ƙarar Tardis ta ɗaga kai tana murmushi. Wannan hoton ba sabo ba ne. Yana cikin "The Eleventh Hour" ta 2010, dab da inda babbar Amy ta farka daga barci, shi ya sa kowa ya ɗauka mafarki take yi. Aka ajiye shi shekara biyu da rabi sannan aka ba shi ma'ana. A matsayina na edita na cire hula.

Amma in da gaske ya koma ya same ta tana 'yar shekara 7 ya ba ta labarin duk abin da zai faru, me ya sa da ya dawo ta buga masa sandar kurket, tana masifar cewa ya ce minti biyar ya yi shekara 12? Me ya sa aka yi ta kai ta wurin likitocin ƙwaƙwalwa har huɗu?

Anti Rabi:
Wannan ma ai ya ƙara mata dalilin fushi. Ya zo sau biyu ya tafi sau biyu.

Kabiru Edita:
Da ta faɗa mana. Ba ta taɓa ambaton zuwa na biyu ba.

Malam Sadi:
Kuma ku lura, wannan ziyarar ma shiga tarihin Amy ce kai tsaye, minti biyu bayan an gama gaya mana cewa tarihinta ya kafu ba a taɓa shi.

Abban Hanifa:
Kai Malam, wannan ban ma lura da ita ba. Zulai, ke da kike da fitowar a kusa, duba mana fagen maƙabarta na ƙarshe. Ina so in san ina River take kallo daidai lokacin da Amy ta juya.

Zulai:
Ina kai yanzu. Kyamarar tana kan fuskar Amy, sai ta koma kan Dakta. Bari in mayar baya in rage gudu.